Shiru Mai Ɗaki Ashirin da Huɗu

Ha Mokhele
9 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Nthati,

Ina gaishe ki da gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da abokan aikinki na kantin magani. Mu nan lafiya ƙalau. Gwiwata ta hagu tana yin abin da ta saba idan hadari ya haɗu, amma ina hawa dutse ina sauka. Masarar gonar bakin rafi ta yi kyau. Ta sama ce ƙanƙara ta taɓa.

To, nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Ranar Lahadi bayan sujada, Fasto ya karanta mana takarda daga Maseru. Za a yi babban taron mawaƙa a watan Oktoba, murya ɗari uku a wuri ɗaya, da masu kayan kiɗa wajen arba'in. An gayyaci kwayarmu, mu mawaƙan coci. Da ya zo kan sunayen sauran kwayoyin da za su zo, sai na ji taku ta Bloemfontein. Ban san lokacin da na yi ihu ba. Mme Mapitso ta juyo ta ce, "Mme Manthati, Ruhu ne ya sauko ko kunama ce?" Na ce, "'Yata ce." Ta ce, "To zauna, ba haihuwarta za ki sake yi ba."

Nthati, rabon da ni da ke mu tsaya kafaɗa da kafaɗa muna jan murya ta biyu, tun ranar da aka binne babanki. Shekara bakwai ke nan. Ina so in tsaya kusa da ke a Maseru. Ban roƙi Allah wani abu ba a wannan shekara sai wannan.

Amma akwai sharaɗi. A ƙarshen Agusta za su aiko mai jarrabawa ta saurare mu. Kwayar da ta iya waƙar za ta tafi, wadda ba ta iya ba za ta zauna gida. Kuma ga inda matsalar take. Waƙar ta wani Bature ce da ya mutu tun kakannin kakanninmu ba su zo duniya ba, kuma takardun da suka aiko ba do, ba re, ba mi. Layuka biyar ne a miƙe, an watsa musu baƙaƙen ƙwayoyi kamar kashin tumaki. Kin san malamin kwayarmu, Ntate Sekhonyana. Shekara talatin da biyar yana koya mana waƙa, ba a taɓa ba shi takardar do-re-mi ya kasa ba. Wannan kuwa ya riƙe ta a miƙe, ya juya ta, ya cire tabarau ya goge. Sai ya ce, "Hasken cocin nan ba shi da kyau." Rana tsaka fa. Ba wanda ya yi dariya, sai Mapitso, ita ma a cikin bargo ta yi.

Ku da kuke birni, yaya kuke yi da irin wannan? Ki taimake mu, amma ta hanyar da tsohon ba zai ji kunya ba.

Kada ki ce in kira ki a waya mu yi maganar. Sai na hau tudun bayan makaranta nake samun sabis, iska ta kwashe rabin zancen, ke kuma kullum kina sauri. Takarda ita ce take jirana in gama. Zan ba Ntate Lebusa direba ya kawo miki, tare da wake da busasshen ganye. Ki riƙa rufe ƙirjinki, sanyi ya kusa.

Mahaifiyarki,
Manthati


Bloemfontein
24 ga Afrilu

Mme tawa,

Na gaishe ki, na gaida gwiwa. Wake ya iso, na gode. Ina lafiya, sai ɗan tari na shigowar sanyi. Na ce ɗan tari, Mme. Kada ki fara.

Ni ma ihun na yi, a gaban mai sayen maganin ciwon kai, har ya tambaye ni ko in ba shi ko in sha da kaina.

Ki kwantar da hankalinki game da kashin tumaki. Akwai wani shafi a intanet da mawaƙan duniya suka haɗu suka yi. Kamar rumbu ne na gari: duk mai takardar tsohuwar waƙa ya zuba, duk mai buƙata ya ɗiba, ba a sayarwa. Da shi muke koyo a kwayarmu. A can na tarar wani malamin makaranta mai ritaya a Kenya ya riga ya mayar da wannan waƙar tamu zuwa do-re-mi, daga farko har ƙarshe. Na buga muku ita a takarda. Ki kai wa Ntate Sekhonyana gida, ba a coci ba, ki ce na ce ya duba mini ko mutumin Kenyan ya yi daidai.

Abu na biyu ya fi daɗi. A shafin ana sa kowace murya ita kaɗai, don mutum ya ji tasa ya bi. Na ɗaya da ta uku da ta huɗu mutane ne suka rera, suna da kyau. Tamu ta biyu kuwa inji ne ya yi, kamar an sa akuya a gwangwani. Na ce ba da wannan uwata za ta koya ba. Ranar Lahadi da rana na shiga cikin kabad ɗin kaya, na rufe kaina da barguna don kada ƙarar motoci ta shiga, na rera ta duka da bakina. Na sa a shafin. Kwana uku kawai, wata mata daga Filifin ta rubuto tana godiya, wai su goma sha biyar suke bina. Kin ga 'yarki ta zama malama a ƙasar da ba ta taɓa gani ba.

Duk muryoyin suna cikin ɗan memorin da na liƙa a ƙasan takardar nan. Ƙarami ne kamar farce, kada ki buɗe a waje kaza ta haɗiye. A sa a wayarki. Ku bi shi daidai yadda yake, kada ku ƙara kada ku rage, don mutanen Maseru ba su da wasa.

Ntate Lebusa yana ta danna odar motarsa a waje. Sai mun haɗu a layi ɗaya!

Taki,
Nthati


Ha Mokhele
2 ga Yuni

'Yata Nthati,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, kuma wannan karon ba don al'ada nake faɗa ba. Zan zo kan maganar. Mu muna lafiya, muna cikin girbi.

Na fara da mai daɗi. Muryarki ta cika garin nan! Muna sa wayar a cikin babban kwanon sha, sai ta fito kamar kina tsaye a ɗakin. Ranar Alhamis ta farko, da matan zumunta suka ji ki, Mme Malisebo ta yi kuka, ta ce, "Yarinyar da nake goge wa majina ce wannan?" Mapitso ta ce, "Har yanzu da hanci take yi, saurara da kyau." Ƙarya take yi, hassada ce. A gona muna rataye kwanon a jikin amalanke, muna karya masara muna binki. Ko kalmomin waƙar na yaren Latin, da ba mu san ma'anarsu ba, sun zauna a bakinmu. Ntate Sekhonyana ya duba aikin mutumin Kenya kwana biyu, ya ce, "Yaron ya yi ƙoƙari." Tun ranar yake zuwa koyo da taye a wuya.

Yanzu ki gaya mini gaskiya.

A kashi na uku, bayan wurin da muke hawa sama mu sauko, kin tsaya. Ba tsayawar shan iska ba. Na yi Addu'ar Ubangiji sau uku kafin ki dawo. Na kai wayar ɗaki na rufe ƙofa, na manna ta a kunnena. Ina jin numfashinki, Nthati. Ina jin wani abu yana bugawa a hankali, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar mutum ya dafa katako yana neman ƙarfi. Sau ɗaya kin gyara murya. Sannan kika ja dogon numfashi kika ci gaba kamar ba abin da ya faru.

Haka babanki ya fara. Shekarar da ya dawo daga ramin zinariya, a tsakiyar baiti yake tsayawa ya dafa benci, sai ya ce wai yana sauraron na kusa da shi ne. Ke kika rubuta da hannunki kina tari. Na hau bayan makaranta na kira ki, kika ce, "Ina da mutane a gabana, Mme, lafiya lau," kika kashe. Ga mata huɗu a tsaye suna jiran wurin sabis, ba zan yi irin wannan tambaya a gabansu ba.

Matan sun tambaye ni me ya sa kika yi shiru. Na ce kin gaji ne, aiki ya yi miki yawa. Sai muka kai wa Ntate Sekhonyana maganar. Ya buɗe takarda, ga shi a wurin ɗakunan da ake rubuta do-re-mi a ciki fanko ne, ɗaki ashirin da huɗu, duk muryoyi huɗun. Ya ce, "Hutu na sani. Ɗaki ɗaya, ɗaki biyu, mutum ya haɗiye yawu. Amma wane mahaukaci ne zai tara mutum ɗari uku, ya ciyar da su, ya ce su tsaya suna kallon juna? Shafi ne ya faɗi a hanyar intanet. Daga Kenya zuwa nan ba kusa ba ne." A raina na ce ko ke kika share wurin daga ko'ina don kada a gane inda numfashinki ya kasa.

Ya ce ba za mu je gaban baƙuwa da rami a tsakiyar waƙa ba. Ya zauna mako guda ya cike ɗakunan nan da kansa. Nthati, sai kin ji! Maza suna shiga daga ƙasa, mu mu amsa, na ɗaya su hau kanmu, har da ɗan taku, hagu biyu dama ɗaya. Ya fi duk sauran waƙar daɗi. Mapitso ta ce da Baturen yana da rai da ya zo ya ɗauki darasi. Yanzu makiyaya ma suna yin sa a kan dutse.

To ramin waƙa an cike. Saura nawa. Ki je a duba ƙirjinki a hoto, ki rubuto mini abin da likita ya ce, ba abin da kike so in ji ba.

Mahaifiyarki,
Manthati


Ha Mokhele
14 ga Yuli

Nthati,

Ina gaishe ki. Mu lafiya. Ke fa?

Mako shida ba amsa. Dusar ƙanƙara ta sauka sau biyu, ƙarfen sabis ya mutu tun ta farko, ba wanda ya zo gyara. Na hau bayan makaranta sau tara, ina ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Motar Ntate Lebusa ta lalace a can ƙasa, an ce yana jiran wani ƙarfe. Wannan takardar maƙwabcinmu ne zai sauka da ita a kan doki ya sa a gidan waya.

Waƙa tana tafiya. Mun iya ta duka, har da ta Ntate. Amma ni na daina sa kashi na uku idan ni kaɗai ce.

Na haɗa kaya a jaka. Idan watan nan ya ƙare ban ji daga gare ki ba, zan sauka da ƙafa in nemi mota, Maseru ta sha zamanta. Idan kina asibiti, ki sa wani ya rubuta. Na iya karanta hannun kowa yanzu.

Mahaifiyarki


Bloemfontein
30 ga Yuli

Wayyo Mme tawa,

Lafiyata ƙalau. Lafiyata ƙalau. Na rubuta sau biyu don ki karanta sau biyu. Tarin ya tafi tun Mayu. Duk da haka jiya na je aka ɗauki hoton ƙirjina, don na san ki. Ga takardar likita a ciki, da hatiminta. Ta ce huhuna ya isa mutum biyu.

Takardunki biyu rana ɗaya suka same ni. Ta farkon tana maƙale a bayan madubin motar Ntate Lebusa tun Yuni, sai da makaniki ya gani. Ya kawo ta da kansa yana murza hula. Na karanta a bayan kanti, na yi dariya, sannan na zo kan maganar Baba na kasa ci gaba. Ki yafe mini. Laifina ne, na yi sauri ban yi bayani ba.

Mme, shirun nan a cikin waƙar yake. Haka mai ita ya rubuta. A wurin nan duk mu ɗari uku za mu rufe baki, mace ɗaya ta rera ita kaɗai, masu kiɗa suna binta a hankali. Ba ku ji ta ba don abin da na aiko na koyo ne, kowa muryarsa kawai. Ƙwas-ƙwas ɗin da kika ji yatsana ne a jikin kabad, ina ƙirga bugu: huɗu a kowane ɗaki, ɗaki ashirin da huɗu. Kuma ki lura, da shirun ya ƙare, mu masu murya ta biyu ne muke fara shiga, mu kaɗai, kafin kowa. Idan muka riga lokaci ko muka makara, ba inda za mu ɓuya.

Yanzu ga mai wuyar. Abin da Ntate Sekhonyana ya rubuta dole ya fita. Mai jarrabawar, Mme Tlalane, na san ta, ta taɓa koya mana. Wurin nan za ta fara dubawa, don a nan kwayoyi suke faɗuwa. Idan kuka yi mata hagu biyu dama ɗaya, za ta yi murmushi ta gode muku, shi ke nan.

Ban san yadda za ki gaya masa ba. Amma ki ce ina roƙon ya ba ni abin da ya rubuta, in sa a shafin a matsayin waƙa mai zaman kanta, da sunansa. Ba don lallashi ba. Ina so in ji ta.

Ki kwance jakar nan. Ki koyi yin shiru, Mme. Na san ba a taɓa ganin kin yi ba, amma saura mako uku.

Taki mai huhu biyu lafiyayyu,
Nthati


Ha Mokhele
12 ga Agusta

'Yar banza, 'yata,

Ina gaishe ki, ina gode wa Allah. Na karanta takardar likita a tsaye, na karanta a zaune, na kai wa nas ta asibitin garinmu ta sake karanta mini ko akwai abin da aka ɓoye a cikin manyan kalmomi. Babu. Na yanka kaza, ni kaɗai na cinye rabi. Wanda ya shiga kabad yana ƙwanƙwasa katako ya gaya wa uwarsa dalili. Na gama faɗa.

Na je wurin Ntate Sekhonyana da safe, yana ba dokinsa ciyawa. Na ce, "Ntate, na zo da laifi, rabi nawa rabi na 'yata." Ya saurara har ƙarshe bai dube ni ba. Sai ya ce, "Wato mace ɗaya za ta tsaya a gaban jama'a tana waƙa, mu talatin muna bayanta da bakuna, ba mai tallafa mata?" Na ce haka aka ce. Ya ce, "A gidan makoki, idan gwauruwa ta ɗauko waƙa muryarta tana rawa, me kike yi?" Na ce ina shiga ƙarƙashinta. Ya ce, "To. Mutanen da suka rubuta wannan ba su da maƙwabta." Ya shiga ɗaki. Ranar Lahadi ya zo koyo ba taye, ya ce, "A cire nawa." Maganar sa waƙarsa a intanet kuwa, ya ce idan kina so ki rubuto masa da kanki, shi ba a aiko masa saƙo ta hannun mata.

Nthati, shiru ya fi Latin wuya! Mun gwada sau goma sha ɗaya. Da farko kowa tana ƙirgawa a zuci, muka shigo kamar awaki daga garke, wata a gaba wata a baya. Muka koma ƙirgawa da yatsu, yatsu suka ƙare a goma. Mapitso ta kawo ƙwayar masara ashirin da huɗu tana sauya musu hannu, suka zube a ƙasa, kajin Fasto suka shigo coci. Idan kuma an kai tsakiya, sai ka ji wata ta fara gunjin waƙar Ntate a hanci ba ta sani ba, ƙafafu su ɗauka. Shi kuma ya ƙi ƙirga mana. Ya ce a Maseru ba shi ne zai tsaya a gaba ba, gara mu saba.

Saura kwana goma sha ɗaya. Ina barci ina ƙirgawa, ina tuƙa tuwo ina ƙirgawa, kullum a wajen goma sha biyar nake ɓata, don a nan nake tuna wani abu. Ki yi mana addu'a. Idan muka faɗi a kan rufe baki, garin nan ba zai bar ni in manta ba, ni ma ba zan bar kaina ba.

Mahaifiyarki,
Manthati


Ha Mokhele
25 ga Agusta

'Yata Nthati,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina lafiya, gwiwa lafiya, kowa lafiya, itatuwan bayan gida sun fara fure. Ba zan ja miki rai ba: za mu Maseru!

Bari in faɗa miki yadda aka yi, don in ban bi a jere ba, zan tsallake wani abu.

Mme Malisebo ce ta cece mu. Ranar Alhamis, bayan ƙirgen ya sake watse mana, ta zauna a benci ta ce, "Ni shekarata saba'in da huɗu. Ba zan iya riƙe ashirin da huɗu a kaina ba. Amma ɗaya zan iya. Ku ba ni ɗaya." Muka dubi juna. Mu masu murya ta biyu mu goma sha biyu ne. Sai muka jeru muka kama hannun juna a ƙarƙashin barguna. Ta farko ta ƙirga bugu huɗu na ɗakinta, ta matsa hannun ta kusa da ita. Ita ma ta ƙirga huɗu ta matsa na gaba. Haka har ƙarshen layi. Ta ƙarshe ta riƙe ɗaki biyu, ta juyo da shi. Idan ya dawo hannun ta farko ta gama nata, sai ta ɗaga haɓa, mu shiga. Gwajin farko ya fita daidai da ƙwas-ƙwas ɗinki, ko bugu ɗaya bai kuce ba. Mapitso ta ce, "Ashe tsufa yana da amfani." Malisebo ta ce, "Ki daɗe ki gani, in bakinki ya bar ki."

Ranar Asabar Mme Tlalane ta iso a bayan motar kaya, ƙura har gira. 'Yar ƙaramar mace, ba ta kai kafaɗata ba. Ta ƙi cin abinci sai an gama. Ta saurari kashi na ɗaya ba ta tsayar da mu ba. A na biyu ta tsayar da maza sau biyu. Da aka zo na uku ta ajiye takarda ta ce, "Ba mu da masu kiɗa a nan, ni zan yi muryar mace ɗayan. Ku dai ku same ni a inda ya kamata."

Nthati, ba ki gaya mini haka abin yake ba. Muka hau muka sauko muka rufe baki, sai wannan 'yar mata ta buɗe nata. Siririyar murya, ita kaɗai a cikin cocin nan mai sanyi, tana hawa tana hawa ba abin da ta taka. Duk jikina ya ce in shiga ƙarƙashinta. Maƙogwarona har ya buɗe. Sai na ji an matsa hannuna na dama. Nawa ne, na shida. Na ƙirga huɗu na miƙa wa Malisebo. Kafin ƙirgen ya dawo na ji Mapitso a can gefe ta ja iska ta hanci, irin wadda take ja idan za ta fara. Allah ya taimake mu, a daidai nan ɗakinta ya iso hannunta, ta shagala da shi. Ya je ƙarshe, ya juyo, ya bi ta kaina, ya wuce. Aka ɗaga haɓa. Muka shiga, mu goma sha biyu kamar mutum ɗaya, daidai inda muryarta ta sauka.

Mme Tlalane ta juyo ta dube mu, ba ta daina kaɗa hannu ba har ƙarshe. Da aka gama ta ce, "Wa yake ƙirga muku? Ban ga leɓe yana motsi ba." Ta zo ta ɗaga gefen bargon Mapitso, ta ga hannaye. Ta bi layin tana leƙawa har ƙarshe. Sai ta zauna a benci ta yi dariya har da hawaye, ta ce shekara ashirin tana wannan aiki ba ta taɓa gani ba. Mapitso ta ce, "Mme, ki yi haƙuri mun bar ki ke kaɗai, ni dai ji na yi kamar na bar baƙuwa a bakin ƙofa." Mme Tlalane ta ce, "Ban ji ni kaɗai ba."

Wajen cin abinci makiyayan da suka leƙo suka ɗauko waƙar Ntate Sekhonyana a waje. Ta tambaya ta wa ce. Ntate ya ce, "Wani abu ne da aka ce a cire." Ta sa muka yi mata sau biyu, har da taku. Ba za a yi ta a Maseru ba, ta faɗa masa a fili. Amma ta kwafi takardar da hannunta. Har yanzu yana jiran wasiƙarki, kullum sai ya tambayi Ntate Lebusa a fakaice.

Saura magana ɗaya, ita ce babba. Mme Malisebo ba za ta je ba. Ta ce ƙafafunta ba za su yi tsayuwar awa biyu ba, kuma ba ta so a ɗauke ta a gaban mutanen birni. Mun roƙe ta ta ƙi. To layinmu ya zama goma sha ɗaya, kuma da goma sha ɗaya abin ba ya fita. Na gaya wa Mme Tlalane ina da 'ya a kwayar Bloemfontein, murya ta biyu, ita ce ma ta cikin kwano. Ta ce, "Nthati? Ɗauke ta, zan gaya wa malaminsu." Ta rubuta a littafinta a gabana, na duba na ga ta rubuta daidai.

Saboda haka ki saurara da kyau. Wurinki na bakwai ne, a haguna. Naki ɗaki na bakwai a tafiya, na goma sha takwas a dawowa. A tafiya ni zan ba ki, a dawowa ke za ki ba ni. Ba a matsawa da ƙarfi, ba a kuma yi da sanyi har mutum ya yi shakka. Na san kin iya ƙirga ashirin da huɗu ke kaɗai, amma ranar nan ba naki ba ne duka, biyu kawai aka ba ki. Ki zo da bargo mai faɗi, wanda zai rufe hannu biyu.

Mahaifiyarki,
Manthati